Waiwaye a Kan Tarihin Aikin Gashi da Neman Gurbinsa a Manufofin Kiwon Lafiya: Misali Daga Keffi

1.0 Gabatarwa

A yawancin manyan asibitocin ƙasar Hausa da maƙwabtanta akwai wani sashe da jama'a suke kira "ɗakin gashi", ma'aikatansa kuwa ana ce musu "likitocin gashi". Can ake tura wanda karayarsa ta warke amma gaɓar ta ƙi lanƙwasuwa, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da yaron da lokacin zama ko na tafiya ya wuce bai yi ba. 'Yan boko suna kiran fannin da sunansa na Turanci, wanda bakin Bahaushe ya gutsure ya mayar "fisiyo".

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda wannan sana'a ta shigo Nijeriya, da irin fafutukar da masu ita suka yi domin hukuma ta san da zamansu. Za a nuna cewa fafutukar ta yi nasara a sama, wato a jami'a da majalisa da manyan asibitoci, amma har yanzu ba ta sauko inda mafi yawan masu buƙata suke ba. An ɗauki garin Keffi na Jihar Nasarawa a matsayin misali, domin a cikinsa ana iya ganin nasarar da giɓin a lokaci guda.

2.0 Ɗori, Tausa da Gashi a Gargajiyance

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe yana da masu kula da ƙashi da jijiya. Maɗori shi ne kan gaba. Sana'arsa ta gado ce, kuma a garuruwa da dama sarki yakan naɗa Sarkin Ɗori kamar yadda yake naɗa Sarkin Aska. Maɗori yana rarrabe karaya da tsagewa da gocewar ƙashi da targaɗe; yakan ja gaɓar ya daidaita ta, ya jera karare ko tsinkayen gora, ya ɗaure, ya yi tofi. Wanzami yana yin ƙaho a wurin da ke ciwo, ungozoma kuma ita ce mai gasa jikin mai jego da na jariri da ruwan zafi, ta miƙar masa da gaɓoɓi. Tausa kuwa aikin kowa ce a cikin gida.

A nan ya kamata a tsaya a kan kalmar "gashi" kanta, mai gajeren wasali a gaɓar farko, saɓanin gashin kai mai dogon wasali. Sunan aiki ce daga "gasa". Ana gasa nama da masara, haka kuma ana gasa kumburi da tsumman da aka tsoma a ruwan zafi. Ga dukkan alamu, da marasa lafiya suka fara shiga wannan sashe na asibiti suka tarar da fitila mai jan haske ana haska ta a baya ko a gwiwa, da narkakken kakin da ake tsoma hannu a ciki, sai suka ga abin da suka saba da shi a gida, suka ba shi sunan da suka sani. Sunan ya dace da abin da ido ya gani, sai dai bai kama ko rabin aikin ba. Ɗumama jiki share fage ne kawai. Jigon sana'ar shi ne auna ƙarfin tsoka da iyakar motsin gaɓa, da tsara atisayen da zai maido da su, da sake koya wa jiki zama da tsayuwa da tafiya da riƙo, har da fitar da majina daga ƙirjin wanda ya daɗe a kwance. Wanda ya ɗauka cewa zafin na'ura shi ne maganin, idan aka ba shi atisaye ya je gida ya yi, sai ya ga kamar an sallame shi ba a yi masa komai ba. Wannan fahimta ba ta tsaya ga talaka ba. Ta bi masu tsara kasafi har ofis, inda ake auna sashen da yawan na'urorinsa maimakon yawan ma'aikatansa.

3.0 Asalin Sana'ar da Shigowarta Nijeriya

A Turai ma sana'ar daga tausa da motsa jiki ta tsiro. A shekarar 1813 Per Henrik Ling ya kafa cibiyar koyar da motsa jiki a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin, inda aka mayar da atisaye wani reshe na magani. A Ingila, a shekarar 1894, wasu mata huɗu masu aikin jinya da unguwarzoma suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa, bayan da wata mujallar likitoci ta fallasa gidajen da ake fakewa da tausa ana aikata masha'a. Ke nan tun ranar farko neman mutunci da amincewar hukuma ne ya haifi ƙungiyar. Ta sami takardar amincewar sarauta a 1920, ta ɗauki sunan da take amfani da shi yanzu a 1944. Abubuwa biyu ne suka ɗaukaka sana'ar a duniya: yaƙi da cutar shan inna. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya bar dubban samari da guntayen gaɓoɓi, annobar shan inna kuma ta yi ta afka wa yara a Amurka da Turai har cikin shekarun 1950. Wani abin sha'awa shi ne, Elizabeth Kenny, ma'aikaciyar jinyar nan 'yar Ostareliya da ta yi suna a Amurka daga 1940, da tsumman ulu mai zafi take gasa gaɓoɓin yaran kafin ta motsa su, abin da kowace ungozoma a Kano ko Katsina za ta gane da gani.

Nijeriya ma ta ƙofar yaƙi sana'ar ta shigo mata. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi sojojin Afirka ta Yamma zuwa Bama a runduna ta 81 da ta 82, da yawa daga cikinsu 'yan Arewa ne, Hausa kuma ita ce harshen bariki. An buɗe sansanin farfaɗo da waɗanda suka dawo da rauni a Igbobi ta Ikko, wanda ya zama asibitin ƙashi a 1945. A wannan shekara ce aka kawo Turawan Ingila biyu ƙwararru a fannin, Mis Manfield da Mista Williams, domin su yi jinyar sojojin, su kuma horar da 'yan ƙasa a matsayin mataimaka a kwas na shekara uku. Abin lura a nan shi ne matsayin da aka fara ɗora ɗan ƙasa a kai: mataimaki ne, yana aiki a asibitin ƙashi, a babban birni, bisa umurnin likitan fiɗa. Duk tarihin da ya biyo baya ƙoƙari ne na fita daga wannan keji.

4.0 Ƙungiya, Digiri da Doka

Matakin farko shi ne ƙungiya. A 1959, a Asibitin Koyarwa na Ibadan, wasu 'yan Nijeriya da suka yi karatun fannin a Ingila, a kan gaba akwai T. A. Oshin da C. A. Ajao, suka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa. A 1967 ta shiga ƙungiyar duniya, wadda ita kanta a 1951 aka kafa ta. Mataki na biyu shi ne ilmi. A 1966 Jami'ar Ibadan ta fara bayar da digiri a fannin, a lokacin da a Ingila kanta difloma ake bayarwa. Jami'o'in Ikko da Ife da Nsukka suka biyo baya a shekarun 1970 da 1980.

Arewa ta makara ƙwarai. Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓe shi a ƙarshen shekarun 1970 tare da na Igbobi da na Inugu, amma sai a ƙarshen shekarun 1980 aka kafa makarantar koyar da aikin gashi a Kano, a jikin wannan asibiti, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Jami'ar Maiduguri ta bi sahu a farkon shekarun 2000. Ma'anar wannan ita ce, fiye da shekara 20 bayan digirin Ibadan, duk faɗin Arewa babu inda ake yaye mai wannan ilmi, alhali kuwa a Arewar ne shan inna ta fi yin ɓarna kuma ta fi daɗewa. Wannan jinkiri ya taimaka wajen barin fagen ga maɗora su kaɗai, da kuma sa iyaye su ɗauki shanyewar ƙafar yaro a matsayin aikin Inna, wadda cutar ta ci sunanta, abin da ba na asibiti ba.

Mataki na uku shi ne doka. Doka ta 38 ta shekarar 1988, wadda gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta zartar, ta kafa hukumar yi wa masu sana'o'in farfaɗo da marasa lafiya rajista, wato masu gashi da masu koyar da ayyukan yau da kullum ga naƙasassu da masu gyaran magana da ji. Sai a 1992 hukumar ta fara aiki. Daga nan ya zama laifi mutum ya kira kansa da sunan sana'ar ba tare da lasisi ba. Cikin shekara 43, ke nan, an tashi daga mataimaki zuwa ƙwararre mai digiri da lasisi da hukumar kansa. Ba ƙaramin aiki ba ne, kuma mutane ƙalilan ne suka yi shi.

5.0 Shekarar 1988 da Ƙofar da Aka Bari a Rufe

A wannan shekara ta 1988 ɗin dai aka ƙaddamar da manufar kiwon lafiya ta ƙasa ta farko mai cikakken tsari, a zamanin ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti. Manufar ta ginu ne a kan sanarwar Alma-Ata ta 1978, wadda ta ce kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi. Ta raba aiki uku: ƙananan hukumomi su riƙe matakin farko, jihohi su riƙe manyan asibitoci, Tarayya ta riƙe asibitocin koyarwa da na ƙwararru.

Sanarwar Alma-Ata ta ambaci ayyuka huɗu da matakin farko zai yi: inganta lafiya, da rigakafi, da warkarwa, da farfaɗowa. Amma da ta zo lissafa abubuwa takwas da lalle a samar, sai ta kawo wayar da kai, da abinci, da ruwa da tsafta, da kula da uwa da yaro, da allurar rigakafi, da yaƙi da cututtukan yanki, da jinyar ƙananan cututtuka da raunuka, da samar da muhimman magunguna. Farfaɗowa ba ta cikin takwas ɗin. Abin da aka lissafa shi ake ware wa kuɗi, shi ake horar da ma'aikata a kansa, shi kuma ake tambaya a rahoton ƙarshen wata. Da masu bayar da agaji na duniya suka ƙara taƙaita tsarin a farkon shekarun 1980 zuwa auna girman yara da ruwan gishiri da sukari da shayarwa da rigakafi, sai na huɗun ya ƙara nisa.

Ba za a zargi masu wannan zaɓi da rashin hankali ba. A lokacin ƙyanda da gudawa da tarin shiƙa suna kashe yara ba adadi, kuma gaskiya ne rigakafi ya fi magani. Sai dai ma'aunin da aka riƙe na mutuwa ne, wanda bai mutu ba kuwa, ko da ya rasa ƙafa ko hannu ko magana, an ƙidaya shi cikin waɗanda aka ceta. Ita ma ƙungiyar masu sana'ar tana da nata kason. Ƙarfinta a waɗannan shekaru, da ma bayansu, ya tafi ne a kan matakin albashi da tsarin ƙarin girma da 'yancin ganin mara lafiya ba sai likita ya turo ba, da jayayyar wa ya cancanci a kira shi "dakta". Waɗannan buƙatu halal ne, amma dukkansu rigingimu ne na cikin babban asibiti. Yayin da ake rubuta kundin aikin ma'aikatan lafiya na karkara, aka kuma kafa hukumar raya kiwon lafiya matakin farko ta ƙasa a 1992, masu gashi suna can suna kafa tasu hukumar. Hanyoyin biyu suka tafi kafaɗa da kafaɗa ba su haɗu ba.

6.0 Keffi

Sunan garin daga kalmar "kafi" ya samo asali, wato shingen itace da ake kewaye gari da shi domin tsaro. Abdu Zanga ne ya kafa shi a wajejen 1800, ya kuma zauna a ƙarƙashin Zazzau. Masu nazarin tarihi sun fi saninsa da abin da ya faru a 1902, lokacin da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya nufi Kano, abin da Turawa suka riƙe hujjar afka wa Kano a 1903. Hausa ita ce harshen kasuwa da na asibiti tsakanin Fulani da Hausawa da Gwandara da Gade da Afo da Yeskwa da Mada da Eggon, don haka kalmar "gashi", da fahimtar da take ɗauke da ita, ta game su duka.

An gina babban asibitin Keffi a 1957. Ya yi zamani a ƙarƙashin Jihar Arewa, da Binuwai-Filato, da Filato, kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996. Da yake sabuwar jihar ba ta da asibitin koyarwa na Tarayya, sai a shekarar 2000 aka mayar da shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Wannan sauyi ne ya ba aikin gashi gindin zama a garin, domin asibiti mai wannan matsayi yana ɗaukar ƙwararru bisa tsarin albashin Tarayya, yana kuma da sashe na musamman dominsu. A nan ana ganin amfanin nasarorin da aka zayyana a sashe na 4.0.

A daidai wannan lokaci buƙata ta ninka. Bayan da gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991, hanyar Keffi zuwa Abuja, mai tsawon kimanin kilomita 50, ta zama makwancin ma'aikatan da ba su iya biyan hayar birnin. Mararaba da Masaka da Karu suka cika suka batse. Da aka hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, masu baburan da yawa suka komo waɗannan garuruwa. Motoci daga Akwanga da Lafiya da Makurɗi da Jos duk ta nan suke bi. Hanya irin wannan karaya take haifarwa, da raunin kai da na laka. Ga kuma hawan jini da ciwon sukari, waɗanda suke ƙarewa da shanyewar ɓarin jiki ko yanke ƙafa, ga yaran da doguwar naƙuda ko shawarar jarirai ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Matsalar tana cikin yanayin aikin kansa. Fiɗa sau ɗaya ake yi, ƙwaya kuma ana saye a tafi da ita gida. Gashi kuwa zuwa ne da dawowa, sau biyu ko uku a mako, har tsawon watanni. Bugu da ƙari, yana da lokaci: wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki ya fi samun sauƙi a watannin farko, gaɓar da aka bari ba motsi kuma tsokarta tana ƙanƙancewa, jijiyoyinta su ɗaure, har ta sandare yadda ba ta miƙuwa. A ɗauki magidanci a wani ƙauye na Toto ko Kokona ko bayan Panda. Ba ya iya hawa babur, sai an yi shatar mota, sai mutum biyu sun bar gona sun rako shi. Iyalin da suka iya wannan sau uku ba za su iya sau talatin ba. Daga nan sai a koma wa mai tofi da maɗori, waɗanda suke kusa, suke karɓar abin da ya sawwaƙa, suke kuma zuwa har gida. Maɗori yana da gwaninta a karaya mai sauƙi, amma ɗaurin da ya cika tsanani yana tsayar da jini har gaɓa ta ruɓe, karayar da ta shiga cikin gaɓa kuma takan warke a sandare. Irin waɗannan su ne suke isa ɗakin gashi a makare, a nemi ma'aikaci ya gyara abin da wata shida suka ɓata.

Wani abin da ya sa Keffi ta zama misali mai kyau shi ne, a cikin garin akwai makarantar jiha ta koyar da fasahar kiwon lafiya, inda ake yaye ma'aikatan da suke riƙe ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi 13 na jihar. Wato masu ilmin farfaɗowa da masu isa ƙauye suna gari ɗaya, amma ɗaya na Tarayya ne, ɗaya na jiha, kuma tsarin 1988 bai gina gada a tsakaninsu ba. Alhali abubuwan da suke hana naƙasa ta yi muni ba su buƙatar na'ura: yadda ake kwantar da shanyayye da juya shi don kada ya yi gyambon kwanciya, da motsa kowace gaɓa kullum, da gane ɗaurin da ya yi tsanani, da sanin yaron da ya kamata a tura gaba tun yana wata shida maimakon shekara huɗu. Tun 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa littafin koyar da irin wannan aiki a cikin al'umma.

7.0 Daga 2014 Zuwa Yau

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya na tushe, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya. Dokar ta raba shi: kashi 50 ga ayyukan tushe ta hanyar inshora, 20 ga magunguna, 15 ga gine-gine da kayan aiki, 10 ga horar da ma'aikata, 5 ga taimakon gaggawa. An tanadi kuɗin ɗauko wanda ya yi haɗari daga bakin titi, amma ba a ware wani kaso da sunan mayar da shi kan ƙafarsa ba. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, aka kafa hukumarsu a 2020. Dokar ta fi mayar da hankali ga haƙƙin wanda ya riga ya naƙasa, kamar shiga gine-gine da samun aiki, fiye da hana naƙasar tabbata. A ranar 25 ga Agusta, 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, bayan an ga na ƙarshe a Jihar Borno a 2016. An yi murna, kuma ta cancanta, sai dai waɗanda cutar ta riga ta shanye suna nan a kan kekunansu, kuma shirin da ya kashe biliyoyi a kan ɗigon rigakafi bai zo da wani tanadi mai kama da shi dominsu ba.

A waje kuwa iska ta juya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin farfaɗowa na 2030. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4, wato kusan ɗaya cikin uku na mutanen duniya, suna da larurar da farfaɗowa za ta amfane su, ciwon baya kuma shi ne kan gaba. A watan Mayu na 2023 babban taron hukumar ya zartar da ƙuduri na farko a tarihinsa a kan wannan batu, yana kiran ƙasashe su shigar da farfaɗowa cikin kowane mataki na kiwon lafiya, har da na farko, su kuma sa ta cikin abin da inshora take biya. Nijeriya mamba ce a wannan taro.

Ƙudurin ya ba masu gashi hujjar da magabatansu ba su da ita a 1988, amma ya same su a wani hali. Yawansu bai wuce 'yan dubbai ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, mafi yawansu suna manyan birane, wasu kuma suna ficewa zuwa Ingila da Kanada da ƙasashen Larabawa. Ba za a iya ajiye mai digiri a kowace mazaɓa ta Jihar Nasarawa ba nan kusa. Abin da yake yiwuwa shi ne a ajiye ɗaya ko biyu a kowane babban asibitin jiha, a ba su abin hawa da izinin zagaya ƙananan asibitoci, su koyar da ma'aikatan karkara da iyalan marasa lafiya, su kuma zauna da maɗora a yi yarjejeniyar irin karayar da za su riƙa turowa. Wannan yana buƙatar sana'ar ta yarda ta miƙa wani ɓangare na ilminta ga waɗanda ba su da lasisinta, abin da ta shafe shekaru tun daga Igbobi tana yaƙi da shi. Shawarar kuma ba a Abuja kaɗai take ba: ɗaukar ma'aikata a asibitocin jiha da tsara aikin ƙananan asibitoci suna hannun ma'aikatar lafiya da hukumar kiwon lafiya matakin farko da suke Lafiya, babban birnin jihar.